Maigidana Zai Ajiye Tuƙin Jirgi Saboda Lamba

Assalamu alaikum Kawu. Ni matar aure ce a unguwar Maamobi da ke Ankara ta Gana, yarana uku. Maigidana matuƙin jirgin sama ne a Amurka, shekararsa tara a kamfani ɗaya yana mataimakin kyaftin. Bara ya ce mini saura ƙiris ya zama kyaftin, albashi ya ƙaru, mu rufe ginin da muka fara a Kasoa. Takardunmu na zuwa wurinsa ma suna hanya. Ana cikin haka wani kamfani ya sayi nasu. Tun daga ranar ba shi da zance sai lamba. Ya ce za a zuba sunayen matuƙan kamfanonin biyu a jeri ɗaya, kuma yana iya komawa bayan yaran da ya riga fara aiki. Abin da ya fi ƙona masa rai, amininsa da suka yi makarantar allo tare a Nima yana wancan kamfanin, shekararsa huɗu kacal, ya kuma gaya masa a waya wai adalci shi ne ya zauna gabansa. Yanzu ba sa magana, matarsa ko sunan autana ba ta zo ba. Maigida ya ce zai ajiye aikin ya tafi Dubai. Ƙannen mahaifiyata kuwa sun ce duk ƙarya ce, aure ya yi a can. Kawu, mece ce wannan lamba, kuma me zan ce masa?

Matar matuƙi, Maamobi

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya raya yara, Ya sa a rufe gini lafiya.

Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukar ki, wato maganar iyayenki mata. Namijin da ya yi aure a ɓoye ba ya ɗauko ƙarya mai wuyar bayani irin wannan. Zai ce haraji ya yi yawa, ko an rage masa awoyin aiki, a wuce wurin. Abin da maigidanki yake faɗa rigima ce sananniya, an yi ta zuwa kotu a kanta a Amurka shekara da shekaru. Ƙungiyarsu ta matuƙa tana aika wa mambobinta wasiƙu a kan inda aka kwana. Ki ce ya turo miki biyu ko uku ta WhatsApp, ki ba wanda ya iya Turanci a gidanku ya karanta wa innonin naki, kowa ya huta.

Ita lambar, ki je tashar Kaneshie da asuba inda motocin Kasoa suke lodi, za ki ga ƙanwarta. Direba ya iso, mai littafi ya rubuta shi, ya jira layinsa. Kyan motarsa ko iya tuƙinsa ba sa tsallakar da shi gaban kowa. Sai dai layin tasha kullum sabo ne, wanda ya makara yau yana iya yin sammako gobe. Na matuƙin jirgi sau ɗaya ake rubutawa, ranar da kamfani ya ɗauke shi, kuma da wannan layin zai rayu har ya yi ritaya. Lambar ce ke yanke wane jirgi zai tuƙa, ƙarami mai zagayen cikin gida ko babba mai ƙetare teku. Ita ke cewa ya zauna kujerar hagu ta kyaftin ko ta dama ta mataimaki, a wane gari za a ajiye shi, zai zaɓi ranakun aikinsa ko zai zauna rungume da waya yana jiran kira. Ko zai samu hutu ya zo ya yi sallar layya da ku, lamba ce. Idan kasuwa ta faɗi aka fara sallamar mutane, daga ƙasan jeri ake farawa a hau sama. Kuma ba ta bin mai ita: kyaftin mai shekara ashirin in ya koma wani kamfani, bayan yaron da aka ɗauka jiya zai tsaya. Saboda haka kada ki ga kamar maigidanki ya zauce. Abincinku na shekaru masu zuwa yake ƙirgawa.

To yanzu a ce za a haɗe tasha biyu. Ɗaya tsohuwa ce, direbobinta sun daɗe, amma fasinja ya ja baya, mutum yana wuni bai yi lodi biyu ba. Ɗayar sabuwa ce, motoci sai ƙaruwa suke, wanda ya zo bara har ya samu layin Tamale. Yaya za a rubuta littafi ɗaya? Mutanen tsohuwar tasha za su ce a bi ranar da kowa ya fara, wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Wannan ita ce hujjar maigidanki. Mutanen sabuwar za su ce a'a, a duba inda kowa yake tsaye a nasa layin da abin da yake shirin samu da ba a yi haɗin ba, wanda yake tsakiya ya zauna tsakiya. Wannan ta amininsa ce. Idan aka bi ta biyun, ana jera su ne gwargwadon yawansu, a ce biyu daga nan ɗaya daga can, kyaftin na manyan jirage da takwarorinsu, mataimaka da mataimaka. Akwai hanya ta uku, muguwa, wato a kwashi mutanen kamfanin da aka saya a liƙa su a wutsiyar jeri.

An taɓa yin ta ukun, kuma ita ta jawo dokar da ke kare maigidanki yau. A watan Afrilun 2001 American Airlines ta sayi TWA, kamfanin da bashi ya riga ya durƙusar. Matuƙan TWA sun kai wajen 2,300, aka liƙa fiye da rabinsu a wutsiya. Masu hidimar fasinja kuwa gaba ɗayansu aka kai ƙasa. Wata biyar bayan haka aka kai harin 11 ga Satumba, mutane suka ƙaurace wa jirgi, aka shiga sallama daga ƙasan jeri, kin ga a kan wa ta faɗa. Cibiyar TWA tana birnin Sent Luwis a jihar Misuri, shi ya sa sanatocin jihar biyu, Claire McCaskill da Kit Bond, suka tsaya har aka yi doka a watan Disamban 2007. Dokar ta farfaɗo da wata tsohuwar ƙa'ida ta 1972, daga haɗewar kamfanonin Allegheny da Mohawk, wadda ta ce a haɗa jeri cikin adalci, in an kasa daidaitawa a kai gaban masu raba gardama. In kuma duka ɓangarorin ƙungiya ɗaya suke, sai a bi ƙa'idar cikin gida ta ƙungiyar. Tsoffin matuƙan TWA sun kai ƙungiyarsu ALPA ƙara cewa ba ta tsaya musu ba, suka yi nasara a 2011, aka sasanta a kan dala miliyan 53 a 2014. Shekara goma sha uku ke nan bayan ɓarnar, da yawansu furfura ta riga ta gama fitowa.

Ki lura da kalmar da dokar ta zaɓa. Adalci ta ce, ba ta ce ranar ɗauka ba. Nan ne nake so ki shirya zuciyar maigidanki, domin da wuya ya samu abin da yake nema cif-cif. ALPA, wadda ita ce babbar ƙungiyar matuƙa, tun 2009 ƙa'idarta ta ce a auna abu uku: daɗewa a aiki, kujera da irin jirgin da mutum yake kai, da abin da yake sa ran kaiwa a kamfaninsa na asali. Shekarunsa tara suna da nauyi a ma'auni, amma akwai duwatsu biyu a gefensu.

Labarin da nake so ya zauna ya yi tunani a kansa shi ne na US Airways da America West, domin ya yi kama da nasa da amininsa kamar an tsaga kara. An haɗe su a 2005. US Airways tsohon kamfani ne na gabashin Amurka, ya shiga fatarar kuɗi sau biyu, a 2002 da 2004, matuƙansa fiye da dubu suna zaune gida an dakatar da su. America West na yamma ƙarami ne, yaro, mutanensa duk suna kan aiki. Mutanen gabas suka kafe a kan ranar ɗauka. Aka kai gaban wani dattijon mai raba gardama, George Nicolau, ya yanke a watan Mayun 2007. Ya ba manyan gabas wajen 500 saman jeri saboda manyan jiragen ƙetare teku nasu ne, ya gauraya na tsakiya, sannan ya sa waɗanda aka dakatar a ƙasa. Mutumin da aka ɗauka tun ƙarshen shekarun 1980 ya wayi gari yana bayan sabon ɗauka na yamma. Dalilinsa shi ne ranar da aka yi haɗin, wancan ba shi da kujera kuma kamfaninsa yana gargara, wannan kuwa yana da tasa.

Mutanen gabas suka fusata, kuma wallahi ina jin zafinsu. Da yake sun fi yawa, sai suka kaɗa ƙuri'a suka fice daga ALPA a 2008, suka kafa tasu mai suna USAPA, don kada hukuncin ya fara aiki. Sun hana shi aiki kuwa. Amma hana shi yana nufin ba za a yi sabuwar yarjejeniyar albashi ta bai ɗaya ba, sai suka ci gaba da karɓar albashin da aka zaftare tun lokacin fatara, shekara bayan shekara, takwarorinsu na wasu kamfanoni suna samun ƙari. Kamfani ɗaya, fenti ɗaya a jikin jirage, amma na gabas ba ya shiga jirgin na yamma. Lauyoyi suka ci, suka yi gyatsa. Jeri ɗaya bai samu ba sai 2016, bayan American ta sake haɗe su duka a 2013. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma dukansu sun yi asarar shekarun da ba sa dawowa.

Ba kullum ake irin wannan ja-in-ja ba. Delta da Northwest sun haɗe a watan Oktoban 2008, kafin ƙarshen Disamba jeri ya fito, saboda matuƙan sun riga sun amince da yarjejeniyar albashi ɗaya mai ƙari tun kafin a ɗaura auren kamfanonin. United da Continental sun haɗe a 2010, yarjejeniya ta samu a 2012, jeri a 2013. Kin ga tsakanin wata biyu da shekara goma sha ɗaya akwai fili mai faɗi, kuma kada ki ɗora lissafin gida a kan mafi gajarta.

Wani abu kuma da mai fushi ba ya gani: kamfani ba ya cin ribar haɗin sosai sai ya iya cakuɗa matuƙa da jirage yadda yake so, kuma ba zai iya ba sai an yi yarjejeniya ɗaya da jeri ɗaya. Lokacin ne ƙungiya take da bakin ciniki. Shi ya sa sau da yawa albashi yakan tashi a irin wannan gaɓa. Yana yiwuwa maigidanki ya ja baya a layi, kujerar hagu ta yi masa nisa, amma abin da ke shiga aljihunsa ya ƙaru. Bisa al'ada kuma matakin albashi na shekarun aiki daban yake da matsayi a jeri, shekarunsa tara ba sa gogewa a takardar biya.

Yanzu ga maganar Dubai. Ra'ayina a fili yake: kada ya ajiye aiki kafin jeri ya fito. Na san abin da ke jan sa. Ba a cire harajin albashi a can, ana ba da gida, ga masallaci ko'ina, ga jirgi kai tsaye zuwa Ankara (tamu ta Gana nake nufi). Amma zai shiga ne a sabon ɗauka, a ƙasar da ba a yarda da ƙungiyar ƙwadago ba, inda in an sauya masa sharaɗi ba shi da inda zai kai kuka sai wurin wanda ya sauya. Ranar da ya miƙa takardar ajiye aiki lambarsa ta mutu, ko kuka ya yi ba a mayar masa. Yana gudun komawa bayan mutum ɗari biyu ko ɗari uku, zai je ya tsaya bayan kowa da kowa, saki reshe kama ganye ke nan. Sannan ga takardunku. Wanda yake ɗaukar nauyin iyalinsa su zo Amurka, doka tana so mazauninsa ya kasance a Amurka, kuma in katin zama yake da shi ba fasfo ba, doguwar zama a waje tana iya taɓa katin kansa. Ya tambayi lauyan shige da fice kafin ya ko cika fom ɗin neman aikin. In jeri ya fito ya ga da gaske an binne shi, Dubai tana nan ba ta gudu, kuma a lokacin zai tafi da ido buɗe.

Mu da muka kwana biyu mun ga abin da ya fi komawa baya muni. Ghana Airways da aka kafa a 1958, wadda muke ɗaga kai mu kalli jiragenta suna sauka filin jirgin Kotoka, an rufe ta a 2005. Wadda ta gaje ta, Ghana International Airlines, ta daina tashi a 2010. Idan kamfani ya mutu, jerinsa ya bi shi kabari, na ɗaya da na ƙarshe duk ɗaya suke a bakin ƙofa. In kamfanin maigidanki yana tangaɗi kafin a saye shi, shekara tara a kujerar dama ma alama ce cewa layin ba ya tafiya, to mai yiwuwa wannan cinikin ne ya ceci lambar da yake kuka a kanta. Abin da amininsa ya so ya faɗa ke nan, bakinsa ne bai iya ba.

Abin da zai amfane shi a yanzu aiki ne na takarda, ba na zuciya ba. Kwamitin haɗewa na ƙungiya yakan tattara bayanan kowane matuƙi, ranar ɗauka, lokutan da aka taɓa dakatar da shi, dogon hutu, kujera da jirgin da yake kai, a ba shi wa'adi ya duba. Ya duba nasa harafi-harafi, domin kuskuren wata guda a ranar ɗauka yana iya zama mutane da yawa a gabansa, kuma in wa'adi ya wuce gyara yakan yi wuya. Ya san ranar da aka tsayar a matsayin ranar awo, wato wadda za a ce kowa a ina yake tsaye. Ya tambaya ko ɓangarensu yana neman shinge, wato wasu shekaru da za a keɓe wa kowane ɓangare jiragensa ko garinsa kafin a buɗe wa kowa, da kuma sharaɗin nan da aka saba sakawa cewa ba a tayar da mutum daga kujerar da ya riga ya hau. In kuwa damar kyaftin ta zo masa kafin jeri ya fito, ko a ƙaramin jirgi ne ko a garin da ba ya so, ya yi shawara da 'yan kwamitinsu kafin ya ƙi. Ya biya kuɗin ƙungiya, har da ƙarin da akan karɓa don lauyoyi, ya je taro, ya kaɗa ƙuri'a idan yarjejeniya ta zo. Sannan ya daina kallon lambar tsirara. Zama na 4,000 cikin mutum 10,000 ya fi zama na 900 cikin 1,500. Dokar Amurka ta tsayar da ritayar matuƙan manyan kamfanoni a shekara 65, ta ɗaga ta daga 60 a 2007, don haka yana iya ɗaukar biro ya ƙirga mutum nawa a gabansa za su tafi kowace shekara. Wannan ƙirgar ta fi hirar dare a zaurukan WhatsApp na abokan aikinsa, inda kowa ke hura wa ɗan'uwansa wuta. Abin da mutum ya rubuta cikin fushi a irin wuraren nan yakan dawo a karanta masa shi a inda ba ya so.

Ke kuma naki aikin yana Kasoa. Ki ɗauka albashin da yake karɓa yau shi ne albashinsa har shekara uku. Kada ki ci bashin kwano ko siminti da sunan kyaftin da bai zo ba, kada ki shiga adashin da ya fi ƙarfin abin da yake turowa. In kuɗin rufe ɗaki biyu ne a hannu, a rufe biyu kafin damina, sauran su jira. Kuma ki gaya masa haka da bakinki, cewa ba ki ƙirga kwanaki. Ina zargin rabin wannan Dubai ɗin kunyarki ce, ya yi miki alkawari ya ga yana neman kuɓuce masa. Namiji in ya ji matarsa ta sauke masa wa'adi, sau da yawa sai gaggawar ta kwanta.

Saura aminin nasa. Ya yi rashin ta ido, ba a gaya wa mutumin da ya girme ka a aiki da shekara biyar cewa adalci ne ka zauna gabansa, ko da kana ganin haka ne. Amma shi ma haushin kaza ake hucewa a kan dami. Ba shi ya sayi kamfani ba, ba shi zai rubuta jeri ba. Lauyoyi da 'yan kwamiti ne za su shiga ɗaki da masu raba gardama, su biyun kuwa a waya za su ga sakamako kamar kowa. Bayan haka ƙungiya ɗaya za su zama, kuma ba abin mamaki ba ne wata rana jadawali ya haɗa su a jirgi ɗaya, ɗaya hagu ɗaya dama, ƙofa a kulle, awa goma a kan teku. 'Yan Zango nawa ne ma suke tuƙa jirgi a Amurka da har biyu za su raba gari? Ki ce wa maigida Kawu ya ce ba sai sun yarda da juna a kan jeri ba, su dai cire shi daga hirarsu har hukunci ya fito. In ya ce ba shi zai fara kira ba, a samu malaminsu na allo ko wani babba a Nima da dukansu suke jin nauyinsa ya kira su ɗaya bayan ɗaya.

Matarsa kuwa, na fi zaton kunya ce ta hana ta zuwa suna, ba ta san da wane ido za ta kalle ki ba. Ran Laraba in kin fito kasuwar Nima ki goya auta ki biya ta gidanta da ɗan goron sunan. In ta ɗauko zancen lamba ki ce su can suka san wannan, ki kwance goyo ki miƙa mata yaron.

Kawu